Sanyi Suna Ɗaya, Cuta Goma: Waiwaye Kan Ƙurajen Gaba da Neman Magani

Wani dare bayan sallar isha'i na tsaya a wani kemis da ke bakin titinmu zan sayi maganin tari na yara. Akwai wani saurayi a gefe, da ƙyar in ya haura shekara ashirin da biyu, ya yi tsaye yana ta jujjuya kwalin sabulu kamar mai karanta rubutun jikinsa. Sai da mutane suka ragu sannan ya matso, ya dafa kanta, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Oga, wani abokina ne 'yan ƙuraje suka fito masa a gaba. Me ya kamata a ba shi?" Mai kemis ya tambaya ko suna ƙaiƙayi, ko akwai zafin fitsari. Saurin da yaron ya amsa ya isa ya nuna ciwon ba na aboki ba ne. "Sanyi ne," in ji mai kemis. Ya ɓallo kafso ja da yalo, ya haɗa da wasu farare, ya ƙulle a leda, ya ce safe da yamma har kwana uku. Duka-duka abin bai kai minti biyar ba. Babu wanda ya ga ƙurjin, babu wanda ya tambayi yaushe ya fito, babu wanda ya ambaci matar ko budurwar da watakila ita ma tana ɗauke da abin. Na bi yaron da kallo har ya sha kwana. Har yau in na tuna shi sai raina ya sosu, domin ya tafi gida da magani alhali shi da wanda ya ba shi babu wanda ya san sunan ciwon.

Kalmar nan "sanyi" ita ce buhun da muke zuba komai a ciki. Zafin fitsari sanyi, farin ruwa sanyi, ƙaiƙayin gaba, ciwon mara, rashin haihuwa, raunin namiji, duk sanyi. A 'yan shekarun nan an samo mata abokan tafiya, "infekshan" da "sitaf", waɗanda masu tallar magani ke shelantawa ta lasifika a tasha da bakin kasuwa. Kalmar tana da ranarta, don tana rufa asiri. Wanda ya ce yana da sanyi bai tona kansa ba, tunda a cewar mutane kowa na iya ɗaukarsa daga damina ko daga masai. Amma in aka bi tarihin yaƙi da waɗannan cututtuka tun daga tushe, za a ga aikin zazzage irin wannan buhu ne, a ware abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a ba kowanne sunansa da maganinsa. Aikin ya ci shekara ɗari biyar, kuma ya ci rayuka masu yawa.

Kakanninmu ba su jahilci abin gaba ɗaya ba. Sun san tunjere da sunansa, sun bambanta shi da ciwon sanyin da ke sa namiji ɗigar mugunya. Namijin da abu ya fito masa yakan nufi wanzami, wanda sau da yawa shi ne ya yi masa kaciya tun yana yaro, saboda haka kunyar da sauƙi. Mace kuwa sai ungozoma ko wata tsohuwa a dangi. A ba da jiƙo da sassaƙe, a sa zama cikin ruwan bagaruwa, a yi hayaƙi, a haɗa da rubutu. Akwai abu guda da ya kamata a yaba musu: suna cewa a buɗe su gani. Akwai kuma inda aka yi ɓarna, musamman a kan mata, domin yankan gishiri da ake yi da aska saboda ƙaiƙayi ko rashin haihuwa ko doguwar naƙuda ya jefa da yawa cikin yoyon fitsari.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda kowane mai magani, a kowane zamani, ke da shaidun da za su rantse ya warkar da su. Amsar tana cikin halin cututtukan kansu. Ɗauki tunjere. Kimanin mako uku bayan kamuwa, wani ɗan gyambo kan fito a inda ƙwayar cutar ta shiga, mai tauri, marar zafi, har mutum ya raina shi. In mace ce yana iya ɓuya a ciki ba ta ma gan shi ba. Ko an sa magani ko ba a sa ba, cikin mako uku zuwa shida zai bushe ya tafi. Duk abin da aka shafa ko aka sha a wannan tsakani shi zai kwashe yabo. Ita kuwa cutar ta riga ta shiga jini. Bayan makonni ko watanni sai ta dawo da wata kama, ƙuraje su feso a jiki har tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su tafi da kansu. Daga nan ta yi likimo, shekara biyar, goma, ashirin, kafin a wasu mutanen ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ƙashi. Wa zai haɗa haukan dattijo da ƙurjin da ya fito masa yana saurayi? Haka ƙurajen harpis masu ruwa da raɗaɗi, su ma sukan bushe cikin mako biyu ko uku su sake dawowa daga baya. Tsiron gaba ma wani lokaci jiki kan kawar da shi da kansa. Wannan ɓuya da bayyana ita ta ciyar da masu maganin jiya, ita ke ciyar da na yau.

Turawa ma ta nan suka biyo, kuma wahalarsu ba kaɗan ba ce. A shekarar 1495, lokacin da rundunar Sarki Charles na takwas na Faransa ta mamaye birnin Napoli na Italiya, tunjere ya ɓarke cikin sojoji da wata irin muni, suka watsu da shi ko'ina a Turai. Kowace al'umma ta liƙa wa maƙwabciyarta: Italiyawa suka ce ciwon Faransawa, Faransawa suka ce ciwon Napoli, Rashawa suka ce na mutanen Folan, Turkawa suka ce na Faranji, wato Turawa. Dabarar iri ɗaya ce da "abokina ne" na yaron nan, sai dai su ƙasa guda ce ke yi. Sunan sifilis da likitoci ke amfani da shi yau ya samo asali ne daga wani likitan Italiya, Girolamo Fracastoro, a 1530. Maganin da suka dogara da shi kusan shekara ɗari huɗu shi ne zaiba, a shafa, a sha, a turara, har haƙora su zube, miyau ya yi ta dalala, wasu maganin ya kashe su kafin cutar. A duk tsawon wannan lokaci manyan likitocinsu da yawa sun ɗauka tunjere da ciwon sanyi cuta ɗaya ce mai fuska biyu.

Sai a 1838 Philippe Ricord a birnin Faris ya tabbatar da cewa cuta biyu ne daban. Daga nan warewar ta kankama. A 1879 Albert Neisser ya hango ƙwayar ciwon sanyi a madubin likita. A 1889 Augusto Ducrey ya gano mai haddasa wani gyambon gaba mai laushi da zafi wanda ake rikita shi da tunjere. A 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka ga ƙwayar tunjere, siririya mai murɗe-murɗe, shekara guda bayan nan Wassermann ya fito da gwajin jini. A 1910 Paul Ehrlich da abokin aikinsa ɗan Japan, Sahachiro Hata, suka fitar da Salvarsan, wanda aka fi sani da lamba 606. Yana da dafi, kuma sai an yi ta allura wata da watanni, amma shi ne maganin farko da ya nufi ƙwayar cutar kai tsaye.

Gano ƙwaya aiki ne na ɗakin bincike. Kawo marar lafiya gaban likita shi ne ya gagari hukumomi, kuma da farko sanda suka ɗauka. Daga 1864 Birtaniya ta kafa dokokin da suka ba 'yan sanda ikon kama duk macen da suke zargi a garuruwan barikin soja, a duba ta dole, in an same ta da cuta a kulle ta a asibiti. Sojojin da ke zuwa wurin matan ba su shiga wannan kamu ba. Wata mata mai suna Josephine Butler ta ja zugar masu adawa har aka soke dokokin a 1886. Sai a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka gane hanya: aka buɗe asibitocin da ake duba mutum kyauta, cikin sirri, ba tare da tilas ba. Mutane kuwa suka zo da ƙafarsu. A ganina wannan darasi ya kai gano Salvarsan daraja, amma bai ƙetaro teku da wuri ba. A ƙasashen da suke mulka, damuwar Turawa ta fi karkata ga lafiyar sojojinsu da ma'aikatansu, kuma dokar cututtukan jima'i da suka kafa a Nijeriya a 1943 ta zo ne a tsakiyar yaƙi, lokacin da cutar ke kwantar musu da sojoji. Talakan ƙauye da matarsa suna can wurin wanzami. A Amurka kuwa an yi abin da ya fi wannan muni. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar gwamnati ta bi baƙaƙen fata 399 masu tunjere a Tuskegee ta jihar Alabama, tana kallon yadda cutar ke cin su, ba ta gaya musu ba, ba ta kuma ba su magani ba ko bayan an same shi. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara.

Maganin da aka hana su shi ne fenisilin. A 1943 wani likita, John Mahoney, ya gwada shi a kan mutum huɗu masu tunjere a New York, suka warke cikin kwanaki. Kafin nan, a 1938, kamfanin May & Baker ya fitar da ƙwayar nan da dattawanmu ke kira em-an-bi, wadda ta yi tashe wajen ciwon sanyi har ta fantsama kasuwanni. Sannan daga 1952 zuwa 1964 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi gangamin kawar da wata 'yar'uwar tunjere da ke kama yara ta cuɗanyar fata a yankuna masu damshi. An yi wa mutane kimanin miliyan 50 allura a ƙasashe 46, har da Nijeriya. Jama'a suka ga gyambon da ya shekara yana ruwa ya bushe da allura guda. Ina ganin daga irin wannan gani da ido ne imaninmu da allura ya yi saiwa, har ya kai majiyyaci kan ji ba a yi masa komai ba in ba a soke shi ba.

Nasarar ta zo da nata sharrin. Da magani ya yi arha ya shiga kemis da faifan 'yan talla, sai dubawa ta zama kamar ɓata lokaci. Wanzami aƙalla yana kallo, mai kafso kuwa saurare kawai yake yi. Mutum ya sha biyu, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don gaba. Wasu har sha suke kafin su je inda za su je, wai rigakafi. Ƙwayar ciwon sanyi ta yi ta cin karo da maganin da bai kai ya kashe ta ba, ta koyi kauce masa. A 1976 aka ba da rahoton nau'in da ke lalata fenisilin ɗungurungum, kuma da aka bi sawu sai aka iske tushe biyu, ɗaya a kudu maso gabashin Asiya, ɗaya a nan Afirka ta Yamma. Tun daga lokacin take bin magunguna tana karyawa, kafso ja da yalo ya faɗi, maganin sifro ya bi baya a wurare da yawa. Yau allurar seftirayazon ce babbar madogara, ita ma an fara samun nau'in da ke yi mata taurin kai a wasu ƙasashe.

Ana cikin haka kanjamau ta iso. An fara ba da labarinta a Amurka a watan Yunin 1981, Nijeriya kuma ta sanar da nata na farko a 1986. Gwajin mata masu zuwa awo ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau har 5.8 a 2001. Wanda ya yi wayo a shekarun nan ya san irin tsoron da aka shiga, yadda ake nuna ramammen mutum da baki, yadda aka riƙa kai majiyyaci ƙauye a ɓoye. Amma kanjamau ta tilasta wa likitoci sake kallon ƙananan ƙurajen da aka raina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gyambon gaba, ko na tunjere ne ko na harpis, tsaga ce da ke sauƙaƙa wa ƙwayar HIV shiga da fita. A yankin Mwanza na Tanzaniya aka gwada inganta maganin cututtukan jima'i a ƙananan asibitocin ƙauye, sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna sabbin kamuwa da HIV sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Tsarin da aka bi a can shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa wuraren da ba su da ɗakin gwaji. Ma'aikacin lafiya ya yi tambaya, ya duba da idonsa, ya ga gyambo ne ko ɗiga ce ko kumburi, ya ba da maganin da ya game manyan masu haddasa wannan alama, a cika shi, a kuma kira abokin kwanciya a yi masa. Wani zai ce ai mai kemis ma abin da yake yi ke nan. Akwai tazara mai nisa. Ginshiƙan tsarin uku ne, dubawa da cikakken magani da abokin zama, kuma duka ukun babu ko ɗaya a ledar yaron nan. Shi kansa tsarin yana da rauni wajen mata, domin yawancin farin ruwan da ke damunsu ba ta jima'i ake ɗaukarsa ba, yayin da ciwon sanyi na gaske da cutar kalamidiya sukan zauna a jikin mace shiru ba alama, su toshe mata hanyar ƙwai. Daga baya a ce juya ce, a yi mata kishiya, ita ma kishiyar ta ɗauka.

Tsiron nan da ke fitowa a gaba ko a dubura, mai kaushi, wanda kan taru ya yi cunkus, shi ya fi daɗewa a cikin buhu. Likitocin Girka da Rum sun rubuta labarinsa, amma an daɗe ana jingina shi ga tunjere ko ciwon sanyi ko ƙazanta. A 1954 wasu likitocin Amurka suka lura da matan sojojin da suka dawo daga yaƙin Koriya: makonni kaɗan bayan dawowar mazan, tsiro ya fito wa matan, da aka duba mazan sai ga shi a jikinsu. Nan aka tabbatar ta kwanciya ake ɗaukarsa. Sannan wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya dage cewa dangin ƙwayar da ke haddasa tsiron, HPV, su ke haddasa sankarar bakin mahaifa, a lokacin da yawancin masana ke zargin harpis. A 1983 da 1984 shi da abokan aikinsa suka zaƙulo nau'i na 16 da na 18 daga cikin ƙarin sankarar, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Yanzu an san nau'i na 6 da na 11 su ke kawo kimanin kashi 90 na tsiron da ake gani, kuma ba su cika zama sankara ba. Na 16 da na 18, masu haddasa kimanin kashi 70 na sankarar bakin mahaifa, ba sa fito da abin da mace za ta gani ko ta taɓa. Wato wanda ke tayar da hankali shi ne mai sauƙin, mai kisan kuwa sai gwaji ke tono shi.

Rigakafin HPV ya fito a 2006, amma sai ranar 24 ga Oktoban 2023 Nijeriya ta sa shi cikin alluran gwamnati, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kai wa miliyan 7.7 a zagayen farko. A ƙasar nan, a 2020 an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu da wannan sankara, 8,000 sun rasu. Na ji iyaye suna cewa ba za a taɓa musu 'ya'ya ba, maganin hana haihuwa ne. Ba na yi musu kallon jahilai. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano lokacin sanƙarau na 1996 suna da dalilin yin tambaya. Amma wannan rigakafi ya shekara goma sha bakwai ana yi wa 'ya'yan waɗanda suka ƙera shi kafin ya iso gare mu, kuma wadda ta taɓa jinyar mai sankarar mahaifa, ta ga jinin da warin da azabar, ba za ta so 'yarta ta bi wannan hanya ba.

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ba a cika faɗa ba, alhali shi ya fi sanyaya rai. Yayin da ake ware cututtuka, an kuma ware abubuwan da ba cuta ba ne sam. Ƙananan ƙwayoyi farare da kan jeru a gefen kan mazakuta halitta ce, maza da yawa suna da su. Ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa da wani likita mai suna Fordyce ya bayyana a 1896 jakunkunan maiƙon fata ne kawai. Ƙurjin da kan biyo bayan aske gaba da reza gashi ne ya murɗe ya koma ciki. Ƙazwa ma takan sauka a wurin, kuma gida guda take kamawa har yara. A garuruwanmu na bakin dam da fadama, tsargiya kan yi wa mata miki da tsiro a gaba wanda ake ɗauka cutar jima'i ce, yarinyar da ba ta san namiji ba a ɓata mata suna saboda ta yi wanka a kududdufi. Nawa ne suka ƙone kansu da ruwan batir ko kanwa, ko suka ɗaure tsiro da zare, ko suka saki mace, a kan abin da kallo ɗaya na masani zai warware? Gani ya kori ji, kuma hoton da ake turawa ta waya ko kwatantawa da na intanet bai kai gani ba, domin manyan likitocin fata ma sukan buƙaci gwaji kafin su yanke.

Buhun bai ƙare ba har yanzu. A watan Satumban 2017 aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 asibitin koyarwa na Jami'ar Neja Delta a jihar Bayelsa da wasu ƙuraje, aka gano ƙyandar biri ce, wadda rabon Nijeriya da ita kusan shekara arba'in. Likitan da ya jagoranci aikin, Dimie Ogoina, ya lura da abin da littattafai ba su faɗa ba: yawancin waɗanda suka biyo baya samari ne majiya ƙarfi, ƙurajen kuma a gabansu suke. Ya ce da alama cutar tana bin hanyar kwanciya. Ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba sai a 2022, da ta ɓarke a ƙasashen duniya ta wannan hanya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Yuli. Abin da ya sa ya riga duniya gani shi ne majiyyatansa sun zo, sun buɗe, shi kuma ya duba.

Wata 'yar'uwata ta yi ɓari sau biyu, na uku ta haifi ɗa ba rai. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an fara raɗe-raɗin iska. A ciki na huɗu wata ma'aikaciyar awo ta ɗiga jininta daga ɗan yatsa a kan 'yar na'urar gwaji, kafin minti ashirin sakamako ya fito, tunjere ne. Ta zo ta same ni da katin a hannu, idonta ya yi ja, ta ce, "Yaya, wallahi ban taɓa ganin komai a jikina ba. Yanzu ta yaya zan gaya wa Malam?" Ni na je na sami mijin nata. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ya tuna wani ɗan ƙurji tun kafin aurensu, bai yi zafi ba, ya shafa masa wani abu ya warke. Allah Ya saka masa, bai yi gardama ba, ya bi ta asibiti aka yi musu allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, sau ɗaya a mako har mako uku. Yarinyar da aka haifa yanzu tana firamare. Maganin da ya cece ta shi ne dai wanda aka gano amfaninsa tun 1943, kuma har yau tunjere bai koyi kauce masa ba. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an samu tunjeren gado 700,000 a cikin jarirai a duniya a 2022 kaɗai.

An samu ci gaba, ba a musu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu HIV sun sauko zuwa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49, maganin rage kaifinta kyauta ne, kuma a 2024 jihar Kano ta sa hannu kan dokar gwaji kafin aure. Amma gwajin ranar ɗaurin aure ba ya tsare abin da zai zo bayan shekara biyar, kuma yaron da na gani a kemis bai kai ga maganar aure ba tukuna. Abin da ya hana shi asibiti na san shi: kuɗin kati, dogon layi, tsoron ya haɗu da ɗan unguwarsu, da fargabar a ɗaga murya a tambaye shi abin da ya kawo shi a gaban mutane. Wannan na ƙarshe yana hannun ma'aikatan lafiya. Labule da rufe ƙofa da sassauta harshe ba sa cin kasafin kuɗi, kuma wa'azin da aka yi wa majiyyaci kafin a duba shi yakan zama dalilin da ba zai dawo ba, ba zai kuma kawo matarsa ba. Malaman fiƙihu tuni suka halatta wa likita ganin al'aura gwargwadon lalura, mace kuma tana da damar ta nemi mace ta duba ta inda akwai.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, in wani abu ya fito da ba ku san shi ba, kada a matse, kada a yanke, kada a ƙona, kada a fara shan kafso kafin a je, don yakan ɓata gwaji. A dakata da kwanciya har a san mene ne. A je tun ƙurjin yana nan, kafin ya bushe ya tafi da shaidarsa, kuma ko ya riga ya tafi a je a faɗa. A nemi gwajin jini na tunjere da HIV da ciwon hanta, a shanye maganin da aka rubuta har ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku tafi tare da wanda kuke kwana da shi, a duba ku ku biyu.